Annika, Yarinyar da Ta Daina Gudun Kofi

Na ci karo da wani labari a ƙasar Suwidin da ya hana ni sakat, kuma ba zan samu natsuwa ba sai na juye muku shi. Labarin wata mata ce, Annika Sörenstam, 'yar wasan ƙwallon lambu, wato golf, wasan nan da muke hangowa ta bayan shinge muna cewa na manya ne. Kofi 72 ta ci a LPGA, babbar gasar mata ta Amurka inda gwanayen duniya ke haɗuwa. Goma daga ciki manyan kofuna ne, irin waɗanda ko ɗaya mace ta ɗaga sunanta ya shiga tarihi ke nan. Kuma wannan matar, ku ji fa, tana yarinya da gangan take zubar da wasa don kada ta zo ta ɗaya!

Kwas ne ya kai ni Stockholm a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya rufa. Wata dattijuwa da muke aiki tare ta ce in raka ta ta ɗauko jikarta daga wurin atisaye. Muka shiga wani ƙaton zaure a bayan gari, an shimfiɗa tabarmin roba kore a jere, an rataya raga tun daga rufi har ƙasa. A waje ƙanƙara ta binne komai, babu mai sa ran ganin ciyawa sai wajen watan Afrilu. A ciki kuwa yara mata ne, wasu ba su kai shekara goma ba, kowace da sandar ƙarfe a hannu, sun cire rigunan sanyi sun tara a gefe, sai ƙara kake ji tas, tas, tas, ƙwallo na dukan raga tana sulalowa ƙasa. Babu rami, babu fili, babu mai tafa musu. Yarinya za ta buga, ta jawo wata ƙwallon da bakin sanda, ta gyara tsayuwa, ta sake bugawa.

Idona ya tsaya a kan jikar dattijuwar. Sauran yaran suna kafa ido a ƙasa har sai ƙwallon ta tashi, ita kuwa kanta yakan juya ya bi hanyar da ƙwallon za ta bi tun sanda ba ta gama sauka ba. Na tambayi kakarta ko malamin ba zai gyara mata ba. Ta yi murmushi ta ce, "Ai Annika ma haka take yi." Na ce wace Annika? Ta juyo ta dube ni sosai, ta ce a Suwidin idan an ce Annika a wurin golf ba a ƙara sunan mahaifi. A mota ta fara ba ni labarin, kafin mu isa gida na riga na kamu. Daren nan na buɗe kwamfuta na shiga neman tsofaffin bidiyoyinta a YouTube, daga wannan sai wancan.

Bari in ɗan share fage ga wanda bai san wasan ba, don in ba a san lissafin ba ba za a ji daɗin abin da ke tafe ba. Fili yana da rami 18. Kowane rami faɗinsa bai kai santimita 11 ba, ƙwallon kuma ba ta kai giram 46 ba, amma daga inda ake fara bugu zuwa ramin sai a yi tafiyar yadi ɗari uku, ɗari huɗu, har ɗari biyar, tsakanin bishiyoyi da tafkuna da ramukan yashi. An yarda mutum ya riƙe sanduna har 14 a jaka, kowace da nisan da take kai ƙwallo. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta shiga: uku, huɗu ko biyar. In aka tara na fili duka, yawanci 72 ne. Mai ƙarancin bugu shi ne ya ci. Idan ka shigar da ƙwallo da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida, ka samu ragi ɗaya, kuma ƙwararre da ya samu ragi huɗu ko biyar a yini ya kwana da farin ciki. Ku riƙe lambar nan ta 72.

An haifi Annika ranar 9 ga Oktoba 1970, ta tashi a Bro, wani ƙaramin gari arewa maso yammacin Stockholm. Mahaifinta Tom ma'aikacin kamfanin IBM ne, mahaifiyarta Gunilla tana aikin banki. Zamanin Björn Borg ne, duk yaron Suwidin burinsa tanis, ita ma tanis ta fara sa wa gaba, ga ƙwallon ƙafa, ga gudun kan ƙanƙara. Sai tana shekara 12 ta fara golf, kuma jakar sanduna ɗaya suka raba da ƙanwarta Charlotta: Annika ta ɗauki masu lamba mara, Charlotta ta ɗauki masu cika. Rabin kaya ke nan kowace ta samu, kuma dukansu biyun sai da suka ci kofi a LPGA.

To ga inda zuciyata ta buga. A gasannin yara, wadda ta zo ta ɗaya sai ta tsaya gaban jama'a ta yi ɗan jawabin godiya. Annika kuwa kunya da tsoron taro sun yi mata katutu, ko a aji ba ta iya ɗaga hannu. Saboda haka idan ta ga tana gaba a ramukan ƙarshe, sai ta ɓarar da bugu da gangan, ƙwallon da za ta tura sau biyu ta shiga sai ta yi mata uku, ta koma ta biyu, ta tafi gida ba wanda ya sa ta magana. Ita da bakinta ta sha ba da labarin nan. Masu horar da ita suka lura, kuma ba su yi mata faɗa ba, ba su kunyata ta gaban tsararrakinta ba. Doka kawai suka sauya: daga yau ta biyu ma sai ta yi jawabi. Yarinya ta duba ta ga babu mafaka. Tunda dai maganar ba makawa, gara a yi ta da kofi a hannu. Ina jin labarin nan sai na tuna da 'yan mata nawa na sani masu kaifin ƙwaƙwalwa da suke ɓoye abin da suka iya don kada idon jama'a ya dawo kansu, na kuma ji ina ƙaunar waɗancan malamai da suka gane ciwon suka yi masa magani cikin hikima.

A 1988 wata 'yar ƙasarsu, Liselotte Neumann, ta ci US Women's Open, kofi mafi daraja a wasan mata, a karon farko ga 'yar Suwidin. Annika tana shekara 17, ta ga ashe yarinyar da ta tashi a ƙasar da ƙanƙara ke rufe fili wata da watanni za ta iya doke Amurkawa a gidansu. Ta samu gurbi a Jami'ar Arizona, a 1991 ta ci gasar jami'o'in Amurka tana shekararta ta farko. Ta zama ƙwararriya a 1992. A 1995, a filin Broadmoor na jihar Colorado, ta shiga ranar ƙarshe ta US Women's Open tana bayan Meg Mallon da bugu biyar, ta buga 68, ta ci da tazarar bugu ɗaya. Kofinta na farko ke nan a LPGA, kuma mafi girma ta fara da shi! Shekara ta zagayo ta sake cin sa a Pine Needles, wannan karon da tazarar bugu shida, don kada wani ya ce sa'a ce.

Sai ga Karrie Webb ta Ostireliya ta taso, ta karɓe sarautar a 1999 da 2000. A nan ne na fara gane wace irin mace ce wannan. Tana da kofuna, tana da kuɗi, tana iya zama ta biyu a duniya cikin rufin asiri. Sai ta koma ta zauna da lissafinta. Tun tana budurwa take shigar da kowane zagaye da ta buga a kwamfuta: sau nawa ƙwallonta ta sauka a tsakiyar fili, sau nawa ta kai dandalin rami a kan kari, turi nawa ta yi kafin ta shiga. Lissafin ya nuna mata inda ruwa ke yoyo, ta ware lokacin hutu ta duƙufa kan turin ƙwallo zuwa rami, ta shiga ɗaga ƙarfe da atisayen ƙarfafa jiki irin wanda ba a saba gani wurin 'yan golf mata ba a lokacin, har bugunta na farko ya ƙaru da yadi ashirin da wani abu. Salon nan na juya kai da wuri kuwa, malaminta Henri Reis ne ya ba ta shi a matsayin atisaye don nauyin jikinta ya riƙa bin ƙwallo, ta ga ya karɓe ta, ta mayar da shi salonta, duk da cewa abu na farko da ake gaya wa ɗan koyo shi ne ya kafe kansa a ƙasa. Ku kalli bidiyonta ku gani. Bugunta kamar luguden gwanayen mata ne, tashin taɓarya da saukarta ba sa sauya kiɗa, na farko da na ɗari duk ɗaya, ba gaggawa, ba fushi.

Akwai kuma wani tunani da aka dasa mata tun tana ƙungiyar ƙasa. Kociyarsu Pia Nilsson takan tambayi 'yan matan: a filinku na gida, akwai ramin da ba ku taɓa samun ragi a kansa ba? Sai su ce babu, kowane rami sun taɓa cin sa da ragi wata rana. To me zai hana a haɗa su duka a rana ɗaya? Rami 18, ragi 18, a cire daga 72, saura 54. Suka sa wa tunanin suna Vision 54. Ba wanda ya taɓa buga 54 a babbar gasa, amma yarinyar da aka raina da wannan lissafi, in ta samu ragi huɗu a jere ba za ta ce rabona ya ƙare ba, na biyar za ta nema.

Ranar 16 ga Maris 2001, filin Moon Valley a birnin Phoenix, zagaye na biyu na gasar Standard Register PING. An haɗa ta wasa da Meg Mallon da kuma, ikon Allah, ƙanwarta Charlotta, wadda ita ce ke riƙe da kofin gasar daga shekarar da ta gabata. Daga rami na 10 suka fara. Ragi. Na 11, ragi. Na 12, ragi. Ina kallo ina ƙirgawa da yatsu, huɗu, biyar, shida, ƙwallo sai faɗawa take yi, bakwai, takwas! Rami takwas a jere! A na tara ta buga daidai ƙa'ida, ta kammala rabin fili da bugu 28. Na ce to ruwa ya ɗauke. Ina! Ta juya ɗaya rabin ta sake jero huɗu. Rami 13, ragi 12. Labari ya bazu a fili, jama'a suka baro sauran 'yan wasa suka dawo bayanta, kuma kowa ya san lambar da ake nema amma ba mai son furta ta. Tun da Al Geiberger ya buga 59 a gasar maza a 1977, maza ƙalilan ne suka sake yi, mace kuwa ko ɗaya. Rami uku suka wuce ba ragi. Ana buƙatar ɗaya tak. A rami na biyun ƙarshe, mai ƙa'ida biyar, ta kai ƙwallo dandali da bugu biyu, ta tura sau biyu, ta shiga. Ragi na 13. Saura rami ɗaya, kada a yi kuskure. Ta kai dandali, ta tura, ƙwallon ta wuce kaɗan, ta tsaya, ta gyara, ta tura ta biyu, ta faɗa. 59! Ta yi tsalle ta faɗa hannun mai ɗaukar jakarta Terry McNamara, ni kuma a ɗakina a Stockholm na miƙe tsaye ina tafi, shekaru da yawa bayan faruwar abin. Har yau ita kaɗai ce macen da ta buga 59 a LPGA. Kuma ba ta tsaya murna ta saki gasar ba, ta ci ta da tazarar bugu biyu a kan Se Ri Pak ta Koriya ta Kudu.

A 2002 ta ci kofi 11 a LPGA a shekara ɗaya. Babu sauran wadda za ta tsaya mata. To mutum in ya kai nan, me ya rage masa?

Sai ta je ta nemo abin tsoro da kanta. A watan Mayu 2003 ta amsa gayyatar shiga gasar maza ta PGA Tour a filin Colonial da ke Fort Worth, jihar Texas. Rabon da mace ta shiga irin wannan gasa tun 1945, zamanin Babe Zaharias, shekara 58 ke nan. Filin yadi 7,080 ne, ƙa'idarsa 70, ya ɗara filayen mata da ɗaruruwan yadi, kuma daga inda maza ke bugu za ta buga, ba sassauci. Ƙura ta tashi. Vijay Singh, ɗaya daga manyan 'yan wasan lokacin, ya fito fili ya ce ba wurinta ba ne, yana fatan ta faɗi a tankaɗen da ake yi bayan kwana biyu. Nick Price, mai riƙe da kofin, ya ce neman suna ne kawai. 'Yan jarida suka yi dafifi daga ko'ina a duniya. Ita kuwa abin da ta yi ta maimaitawa shi ne ba ta zo don ta nuna mata sun fi maza ba, ta zo ne ta gwada kanta.

Ku tsaya ku yi tunanin wace ce wannan. Yarinyar da ke zubar da kofi don gudun jawabi gaban iyayen yara 'yan ƙalilan, ita ce ta kai kanta inda idon duniya duka zai sauka a kanta, inda wasu ke jiran ta kunyata su ce ai mun faɗa. Ba wanda ya tilasta mata.

Safiyar 22 ga Mayu, rami na 10. Na maimaita kallon wurin nan har na haddace shi. Jama'a sun yi layi gefe da gefe har ba a ganin ƙarshensu, da yawa sun maƙala bajo mai ɗauke da sunanta a ƙirji. Ta fito da farar hula, fuska a ɗaure, ana ganin ƙirjinta yana hawa yana sauka. Aka kira sunanta. Ta dasa ƙwallo, ta koma baya ta duba hanya, ta matso. Tsit. Sanda ta tashi, ta sauka, da kiɗan nan nata da bai sauya ba, ƙwallo ta miƙe sambal ta sauka tsakiyar fili. Sai ta saki numfashi, ta lanƙwasa gwiwoyi kamar za ta zube, tana dariya, jama'a suka ɓarke da sowa. A ɗan wannan motsin na ga tsoron duka, na kuma ga ta haye shi. Abokan wasanta biyu, Dean Wilson da Aaron Barber, sun riƙe ta da mutunci daga farko har ƙarshe, kuma sun cancanci a ambace su. Ranar ta buga 71, ɗaya kacal sama da ƙa'ida, ta samu ragi a rami na 13, ta bar maza da dama a baya. Washegari gajiya da nauyin abin suka bayyana, turin ƙwallo ya ƙi ta, ta buga 74. Bugu huɗu ne suka hana ta tsallake tankaɗe. Ta fito daga rami na ƙarshe tana hawaye, jama'a a tsaye suna tafa mata, ta ce za ta koma gasarta inda ta fi dacewa.

Akwai masu cewa ai faɗuwa ta yi, kuma a takarda haka ne. Ni dai ban yarda a tsaya a takarda ba, don abin da ya biyo baya ya isa shaida. Gasar farko da ta shiga bayan dawowarta ta cinye. A watan Yuni ta ci LPGA Championship. A watan Agusta ta ci Women's British Open a Royal Lytham da ke Ingila, ta cika manyan kofuna huɗu na zamaninta, kowanne ta taɓa ɗaga shi. A shekarar aka shigar da ita zauren gwarazan golf na duniya. Wadda ta tsaya a rami na 10 a Colonial ta buga ƙwallo ta miƙe, wace ranar ƙarshe ce kuma za ta girgiza ta? A 2004 matsakaicin bugunta a zagaye ya sauka ƙasa da 68.7, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a LPGA zuwa lokacin. A 2005 ta shiga gasa 20 ta ci 10. Gasar Mizuno ta Japan sau biyar a jere ta ci, daga 2001 zuwa 2005. Sau takwas ana zaɓenta gwarzuwar shekara. Ita da Tiger Woods har saƙon waya suke aika wa juna suna ƙirga wa ya fi yawan manyan kofuna. Na goma ya zo a 2006, US Women's Open na uku, bayan ƙarin zagaye cikakke da Pat Hurst a Newport. A tarihin LPGA mata biyu ne kawai suka fi ta yawan kofuna, Kathy Whitworth mai 88 da Mickey Wright mai 82.

Da bazara ta shigo na hau jirgin ƙasa na 'yan zuwa aiki daga Stockholm na sauka a Bro, don idona ya ga inda abin ya faro. Gari ne shiru, gidaje jifa-jifa, dogayen bishiyoyi, duwatsu sun leƙo daga cikin ciyawa, rana kuma ta ƙi faɗuwa har wajen ƙarfe goma na dare. A yankin ne filin Bro-Bålsta yake, kulob ɗin da ta yi ƙuruciyarta a ciki. Abin da ya fi burge ni a filayen Suwidin shi ne waɗanda na gani a cikinsu: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, tsofaffi suna jan kekunan jakunkunansu da kansu, yara sun zo a kan keke da jaka a goye. Ƙasa mai mutum miliyan goma da 'yan kai tana da 'yan golf masu rajista wajen rabin miliyan. Yawancin kulob-kulob ɗin ƙungiyoyi ne na mambobi, kuma horar da yara yana cikin aikinsu. A wurin atisaye wata budurwa ta ara mini sanda mai lamba bakwai, ta gyara mini riƙo, ta ce kada in matse, in bar nauyin kan sandar ya yi aikin. Can sai wata ƙwallo ta haɗu da tsakiyar ƙarfen. Ban ji nauyi a hannu ba ko kaɗan, wata 'yar ƙara ce mai daɗi, sai ga farin ɗigo ya ɗaga sama ya rataya a iska kafin ya sauko. Daɗin ya ratsa ni har kafaɗa, na gane abin da ke tsayar da yaran nan gaban raga duk tsawon hunturu.

Yadda ta bar wasan ma abin kallo ne. A 2007 ciwon wuya ya kwantar da ita, Lorena Ochoa ta Meziko ta karɓe matsayi na ɗaya a duniya. A 2008 ta dawo ta ci kofi uku, na ukun a Kingsmill da tazarar bugu bakwai, kwana biyu bayan haka, ranar 13 ga Mayu, ta tara 'yan jarida ta ce a ƙarshen shekara za ta ajiye sanda. Tana shekara 37, tana kan ganiyarta! Ta ce tana son iyali da wasu ayyukan. Ta buga gasarta ta ƙarshe a Dubai a watan Disamba, ta tafi da sama da dala miliyan 22 da ta ci a LPGA, ta yi aure da Mike McGee a farkon 2009, ta haifi mace da namiji, namijin bakwaini ne da ya sha jinya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ta mayar da hankali kan gidauniyarta, wadda ke shirya wa 'yan mata gasanni a nahiyoyi daban-daban. Matar da ke gudun jawabi ta zama mai sharhi a talabijin, ta jagoranci tawagar Turai a gasar Solheim ta 2017, a farkon 2021 kuma ta zama shugabar Hukumar Golf ta Duniya, wadda ke kula da wasan a gasar Olamfik.

Kuma ba ta gama ba! Ɗanta ya taso da son wasan, tana raka shi fili, hannu ya fara ƙaiƙayi. A 2021, tana shekara 50, bayan shekara 13 ba ta neman kofi, ta shiga US Senior Women's Open a filin Brooklawn na jihar Connecticut, mijinta na ɗauke da jaka, 'ya'yanta na biye. Ta ci da tazarar bugu takwas. Wa ta zo ta biyu? Liselotte Neumann, wadda nasararta ta 1988 ta buɗe mata ido tun farko. Da na ga hotonsu su biyun sun rungume juna a dandalin ƙarshe, sai da na share ido.

Yanzu ku dubi abin da ya tsiro a bayanta. Anna Nordqvist ta ci manyan kofuna uku, a 2009 da 2017 da 2021. Annika da ɗan wasan golf Henrik Stenson suka ɗauki nauyin wata sabuwar gasa a Suwidin, Scandinavian Mixed: maza 78, mata 78, fili ɗaya, kofi ɗaya, kuɗi ɗaya, wurin fara bugu ne kawai ya bambanta. A watan Yuni 2022 a Halmstad, Linn Grant, 'yar shekara 22 daga Helsingborg, ta doke kowa da kowa, maza da mata, da tazarar bugu tara, ta zama mace ta farko da ta ci gasa a jerin manyan gasannin maza na Turai, kuma Stenson da kansa yana cikin waɗanda suka zo na biyu. Ta sake ci a 2024. A shekarar ce kuma Linnea Ström ta buga 60 a ranar ƙarshe ta wata gasar LPGA ta ɗauke kofin, bugu ɗaya ya raba ta da lambar Annika. Ranar 1 ga Yuni 2025, a Erin Hills na jihar Wisconsin, Maja Stark ta riƙe gabanta har ƙarshe, Nelly Korda, ta ɗaya a duniya a lokacin, na binta a baya, ta ci US Women's Open da tazarar bugu biyu, 'yar Suwidin ta uku da ta ɗaga shi. Neumann ta karɓi dala 70,000 a kan kofin nan a 1988. Annika ta karɓi dala 175,000 a 1995. Maja Stark ta tafi gida da dala miliyan 2.4.